Kujerar da Ba a Ci Ba

Sparkbrook, 4 ga Maris, 2013

Yaya Kubura,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Abdulsalam da yara. Wayarki ta zama rijiya, a jefa magana ba a jin faɗuwarta, shi ya sa na koma takarda.

Bayan haka, taya ni jinjina wa mutanen Wales. Kai, akwai hikima! Mu a gida in mawaƙi ya burge, riga ake ba shi ko mota. Su kuwa sai a tara gari a yi gasar waƙa, wanda ya yi nasara a miƙa masa kujera. Wato ka yi ƙoƙari, zauna ka huta, kada ka ƙara.

Na sani ne don an ba ni kwashe kayan wani tsohon cocinsu da za a rufe a nan Birmingham. Mutum shida suka rage, kowa da sandarsa. Cikin kayan akwai wata kujerar katako mai nauyin buhu biyu, an sassaƙa 1881 a bayanta. Tsohuwar da ke riƙe da makulli, Misis Pugh, ta ce kakanninsu 'yan ci-rani ne suka shirya gasa a shekarar, shekarar da aka yi dokar rufe gidajen giya ran Lahadi a ƙasarsu. Ina jin baƙin cikin wannan labari ne ya ɓata waƙoƙin, don alƙalai sun ce ba wanda ya cancanta. Tun ranar ba a taɓa zama a kanta ba. Shekara ɗari da talatin da biyu ana goge mata ƙura! Ina cigiyar mai saye.

Baba yana nan yadda kika bar shi, daga taga zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa taga. GP, wato likitan unguwa, ya ce lafiyarsa ƙalau.

Ƙanenki, Ja'afaru

Salford, 7 ga Maris

Ja'afaru,

Assalamu alaikum. Ina gaida Baba da girmamawa.

Kada ka sayar da kujerar nan. Council, hukumar garinmu, za ta sallami rabin ma'aikatan laburarenmu. Ranar Alhamis 21 ga wata kwamiti zai zo ya ga sashen da ke jawo mutane, kuma sashena na tarihin gari shi ne a bakin wuƙa. Ina shirya baje kolin rayuwar mutanen Wales da suka zauna a nan yankin Manchester da sauran biranen Ingila zamanin Sarauniya Victoria, amma ba ni da komai sai hotuna da littattafan waƙoƙin coci. Na kai wa shugabata labarinka, ta yi murna, har an ba da buga poster ta tallar taron: kujerar da ba a taɓa zama a kanta ba. Za mu gayyaci Misis Pugh ta buɗe taron.

Ka lulluɓe ta. Kada kowa ya zauna. Na san halinka, shi ya sa na maimaita: kowa.

Yayarka, Kubura

Sparkbrook, 11 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa, da roƙon ki nemi wuri ki zauna, tunda zama ne zancen.

Shagona na tsoffin kaya yana yoyo, sai na kai kujerar flat ɗin da muke zaune da Baba. Ran Juma'a, kafin wasiƙarki ta iso, Malam Ashafa limaminmu ya zo da dattawa gaida Baba. Ya ga Baba a kujerar roba, ga wannan tana tsaye kamar hakimi ba kowa a kai. Ya harare ni ya ce, “Ja'afaru, haka aka yi maka tarbiyya?” Ya kama hannun Baba ya zaunar da shi. Ni zan ce wa liman ya tashi ubana?

Don in kare kaina na ba su labarin alƙalan. Baba ya yi dariya. Yaya, dariya! Rabona da jin ta tun rasuwar Inna. Ya ce, “Ai ba su ji ni ba.” Ya buga hannun kujerar ya ɗauko waƙoƙin da yake rubutawa yana malamin makaranta a Zariya, baiti bayan baiti, ko tuntuɓe babu. Yanzu salla kaɗai ke tashinsa. Sintirin taga ya ƙare. Ni na gaje shi.

Hannun kujerar na dama ya ɗan sha goro. Shawarata ta ɗan kasuwa: in goge, in shafa mai, in kawo miki. Kujera ba ta da baki.

Ja'afaru

Salford, 14 ga Maris

Ja'afaru,

Ina amsa gaisuwa. Kujera ba ta da baki, amma ni zan tsaya kusa da ita in karanta ƙarya a gaban tsohuwar da ta goge ta da hannunta. Ba zan yi ba.

Kuma kada ka kuskura ka tashi Baba. Ran Litinin zan gaya wa shugabata babu kujera. In aikin ya tafi, Allah ya sa haka ya fi alheri. Na rubuta wannan layin sau uku ina yagawa.

Wace waƙa ya fara yi? Ta damina?

Kubura

Sparkbrook, 16 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa a gurguje. Ta damina ce. Riƙe bakinki ran Litinin.

Na je na ɗauko Misis Pugh na kawo ta flat, na ce ga laifina. Ta saurari Baba rabin awa, ko kalma ba ta gane ba, ta jiƙa hankici. Ta ce ba don a goge aka sassaƙa ta ba, don a ci ne, kuma ita da bakinta za ta sanar da wanda ya ci a gaban kwamitinku. Baba ya sa a goge masa farar rigarsa.

Ki sa a gyara poster. Alhamis da hantsi muna tafe a motar kaya, ni da tsohuwa da kujera da mai kujera. Sakamako sai Allah.

Amma ke da kika yi karatu, gaya mini: wacce council ta fi saurin ɗaukewa, kujerar da ba kowa, ko wadda tsoho ke kai yana waƙa?

Naki, Ja'afaru