Bututun roba a ƙwaryar Baffa

Salama alaikum jama'ar wannan gida. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, masu wa'azi da masu dariya kuwa su wuce, yau raina a ɓace yake.

Ni ɗan kasuwa ne a Dogon Dutsi. Ƙiba ta so ta kashe ni, ga suga ga hawan jini, ko ruku'u sai da nishi. Bara na fita waje aka yi mini operasiyo, wato tiyata, aka rage mini tumbi. Matata kaɗai ta sani, don na san bakin mutanenmu, cewa za su yi ga wanda ƙoshi ya dama har ya kai cikinsa an yanke, alhali wasu na neman tiyar hatsi.

Tun da na dawo ba na iya kwankwaɗar komai, in na cika baki sai amai. Sai na yi wa kaina dabara, ina yawo da ɗan bututun robar nan na shan lemo a aljihu, ina zuƙa kaɗan kaɗan.

To akwai Baffa, Bafillace ne a gefen Dogon Kiriya, aminin marigayi babanmu. Shi ya riƙe ni da aka yi mini kaciya. Duk ƙarshen damina mukan je rugarsa, a dama fura da nono, ludayi ɗaya ya zagaya kowa. Bana da ludayin ya iso kaina, tsoron yin amai gaban mutane ya kama ni, na zaro bututuna na tsoma a ƙwaryar. Baffa ya ajiye sandarsa ya dube ni.

Wanda ya hura wutar yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Wallahi mutumin nan ba ya tsoron Allah. A gaban Baffa ya ce kuɗi sun sa ina ƙyamar bakin Fulani, a cikin gari kuma yana rantsuwa wai ciwon zamani ke cina, shi ya sa na rame nake gudun haɗa ludayi. Na same shi a shagonsa na wanke shi tas, ban kuma yi nadama ba.

Abin takaici, da na buga wa likitana, faɗa ya yi mini, wai tun farko an hana ni bututu, iska yake cusa mini a ciki.

Shekaranjiya Baffa ya aiko da saƙo a motar kasuwa. Sabon ludayi ne naɗe cikin tsumma, wai a gaya wa ɗan amininsa, wannan ludayin, bakin Bafillace bai taɓa shi ba.

Na kasa cin abinci. In na gaya wa Baffa gaskiya, yayana zai ji, kafin la'asar Dutsi duka ta ji. In na yi shiru, tsohon nan zai mutu yana zaton ina ƙyamarsa. Ku da kuke da tsofaffi, in je in ɗaga masa riga ya ga ɗinkin, ko yaya zan yi?