Mai Kaurin Za Ki Buga

Zuwa ga Yaya Dije, a Kosti.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Yaya Salih da yara. Yaya zafin garinku? Mu nan hilla, ƙauyenmu, alhamdu lillahi, an fara yankan dawa. Inna tana gaishe ki. Ƙafarta ta yi sauƙi, amma har yau ba ta amsa sallamar Mu'minat maƙwabciyarmu, tunda ta sa a ranta ita ta yi wa Baba sammu har ya rasu.

Kin tambaya wane littafi za ki buga wa su ƙaninmu Mujahid a shagon mijinki. To ga yadda aka yi. Makarantar sanawi, wato sakandare, har yanzu a rufe take saboda yaƙi, don haka iyaye suka tara yaran da za su zauna jarrabawar shahada ta gama sakandare a rumfar Baffa Abdulmuttalib, maza gefe, mata gefe. Ustaza Najwa, wadda ta gudo daga Madani, ita ke koya musu ahya, wato ilimin halittu. Ni nawa kai musu ruwa a kan jaki, in na sauke in ɗan tsaya in saurara, kin san a aji huɗu na tsaya.

Littafi biyu ta tsira da su a jakarta. Ɗaya siriri, tambaya da amsa kawai, babu hoto ko ɗaya. Ɗaya mai kauri, cike da hotuna. Baffa ya buɗe mai kaurin sai ya ci karo da mutum an feɗe shi kamar rago, ya ƙara buɗewa ya ga abin da ba zan iya rubuta miki ba. Ya rufe, ya yi a'uziyya, ya danne shi da carbi, ya ce muddin rumfar tasa ce ba za a buɗe wannan a gaban 'yan mata ba. Ustaza ta ce siririn hadda kawai yake sa yaro, ba ya sa shi ganewa. Baffa ya ce mata shi ma da hadda ya fara, ga shi bai lalace ba. Ta roƙi a bar ta ta yi darasi ɗaya daga mai kaurin a gaban dattawa, in sun ga aibu ta mayar da shi jaka. Ya yarda, amma kin san Baffa, ya riga ya gama shawara. Ki buga siririn.

Mujahid yana ƙoƙari, sai dai ya rame, kuma yana cewa gefen cikinsa na hagu yana masa nauyi. Inna ta shiga yi masa turare safe da yamma, wai hannun da ya taɓa uban ne ya dawo kan ɗan.

Ki gaishe da kowa. Ƙaninki, Uzairu.

Yaya Dije,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ki yafe mini gajeriyar gaisuwa. In ba ki buga siririn ba, ki dakata. In kin buga, ki ajiye.

Ustaza ta yi darasin. Mun zata jikin mutum za ta buɗe, sai ta buɗe shafi mai hoton katantanwa, irin ƙananan da ke manne da ciyawa a tur'a, magudanar ban ruwa inda muke ɗibar ruwa. Dattawa suka fara dariya. Ta nuna yaro tsaye cikin ruwa, da kibiya daga katantanwar zuwa ƙafarsa, ta ce wata tsutsa ce da ido ba ya gani take fitowa ta huda fata ta shiga jini. Sai ta tambayi maza wa yake ganin jini a ƙarshen fitsarinsa.

Yaya, kusan duk suka ɗaga hannu. Suna murmushi, suna zungurin juna, har suna yi wa wani yaro da bai ɗaga ba tsiya wai shi har yanzu jariri ne. Mujahid ya fi kowa miƙe hannu. Baffa ya ce mata ai wannan tsargiya ce, alamar yaro ya kai namiji, duk wanda ke wurin da haka ya girma. Kin tuna ranar da Mujahid ya fara gani, Inna ta soya masa ƙwai, Baba ya ba shi laujensa? Ni ma an yi mini haka, na yi ta taƙama.

Ustaza ba ta yi dariya ba. Ta ce wannan cuta ce, bilharsiya, kuma iri biyu ce, duka suna cikin ruwanmu. Ɗaya tana cin mafitsara. Ɗayar tana zama a hanji da hanta shekara da shekaru ba a sani ba. Ta juya shafi ta ɗaga mana.

Yaya, Baba ne. Ba fuskarsa ba, amma shi ne. Hannuwa kamar kara, haƙarƙari a waje, ciki kamar tulu, jijiyoyi sun fito a kansa. Ta karanta abin da ke ƙasan hoton, wai a ƙarshe mutum yakan yi aman jini. Ba ta san Baba ba, ba ta san komai ba, karatu kawai take yi. Ni kuwa ina ganin kwanon nan da na riƙe masa.

Jarkar da ke hannuna ta faɗi ban sani ba. Baffa, wanda shi ya yi wa ƙaninsa Baba wankan gawa, ya miƙa hannu aka ba shi littafin da ya danne da carbi. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya kira Mujahid, ya ɗaga masa riga a gaban kowa, har 'yan matan, ya ɗora tafinsa a gefen hagu. Da murya ƙasa-ƙasa ya tambayi Ustaza ko littafin ya faɗi magani. Ta ce ya faɗa, ƙwayoyi ne, kuma in an yi da wuri ana warkewa.

Na duba siririn daga baya, Ustaza ta nuna mini wurin. Layi ɗaya ne, sunan tsutsar da sunan katantanwar. Da Mujahid ya haddace shi ya ci jarrabawa da abin a cikinsa.

Gobe za mu asibitin Managil. Ki sa mu a addu'a. Uzairu.

Zuwa ga Yaya Dije,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida Yaya Salih da yara. Saƙonki ya iso, ki daina kuka.

Likita ya ce Mujahid yana da duka iri biyun na cutar, saifarsa ta fara kumbura, amma ba a makara ba. Ya ba shi ƙwayoyi, ni ma ya ba ni. Baffa da kansa ya cika motar haya ta Kamal da yaran rumfa, ya zauna a gaba yana faɗa da direba a kan gudu. Da jinin ya ɗauke wa Mujahid, sai ya zo mini a ɓoye yana tambaya ko yanzu ya koma yaro ke nan. Na ce ya je ya tambayi littafin.

Shiga tur'a ba za mu iya bari ba, da ita muke ban ruwa. Ustaza ta ce mu nemi dogon takalmin roba, ruwan wanka kuma a bar shi ya kwana biyu a ganga. Shafukan nan da Baffa ya ƙi, an shirya Ustaza za ta karanta wa mata su kaɗai a cikin gida, maza kuma su yi nasu a rumfa.

Na so in ɓoye wa Inna hoton, amma zancen ya riga ni gida. Ta ce in aro mata littafin. Ta ɗora shi a cinya, ta shafa cikin mutumin nan da yatsa. Can ta kashe garwashin turaren, ta ɗauki mayafinta. Na bi ta a baya don ƙafarta. A ƙofar Mu'minat ta tsaya, ta yi sallama.

Mai kaurin za ki buga, Yaya, kuma ki ce wa Yaya Salih hotunan su fito sosai. Ki ƙara guda ɗaya a kan na yaran, nawa. Ustaza ta ce akwai wurin zama a bayan tabarma, kusa da jarkoki.

Ƙaninki, Uzairu.