Keke Mai Mariƙi a Hagu

Asabar, 14 ga Satumba
Da hagu nake rubutu. Dama na naɗe har gwiwar hannu.
Aikin maskin bakin tsibiri ne, ƙaton kifin nan mai tabo a baya. Mun sa shi a raga, na sunkuya in cire ƙugiya, sai ya girgiza kai. Ƙugiya ɗaya a muƙamuƙinsa, ɗayar ta huda tafin hannuna ta ɓullo ta baya. Yana birgima yana yagar namana. Jini ya wanke ƙasan jirgi. Na ce wa ƙanina Arvo, "Kulki! Fasa kansa!" Shi kuwa sai laluben abin yanka ƙarfe yake. "Daure, Yaya, yanzu zan datse ta." Kafin ya datse na ji wani abu ya tsinke a ciki.
Kuma ya mai da kifin ruwa. Ina zubar da jini, shi yana lallaɓa kifi.

Litinin, 16 ga Satumba
Jijiya ce. Likita ta ce yatsu biyu sun tafi ke nan.

Laraba, 2 ga Oktoba
Arvo ya kawo mana itacen hunturu. Da ya sauke ya tafi da an zauna lafiya. Sai ya ce, "Yaya Reino, kai ka koya mini ba a kashe maski a tafkin nan." Ban san lokacin da na ɗauki faskare ba. A haɓa na same shi. Matata Marlys ta fito da ihu. Bai rama ba. Ya tofar da haƙori a kan ciyawa, ya shiga mota.

Asabar, 5 ga Oktoba
Tsohon keken naɗe zaren fatsata mariƙinsa a dama yake, hannun ba ya iya murza shi. Na je shagon tsohuwa Doreen mai kayan kamun kifi neman na hagu. Ta ajiye biyu: siriri mai saurin naɗe zare, da wani kewayayye mai nauyi, mai tafiya a hankali amma haƙoransa tagulla.
"Mai saurin na samari ne," in ji ta. "Kai da ko maɓallin riga ba ka iya sawa da hagu?"
Na ce wanne ne zai jawo ƙato ko yana so ko ba ya so.
Ta tura mini mai nauyin, ba ta sake shi ba. "An ɗaure wa ƙaninka karyayyen muƙamuƙi da waya a asibiti, ka ji?"
Na ce ta sa mini zare mafi kauri.

Laraba, 9 ga Oktoba
Gwajin jifan fatsa a bayan gida. Zare ya cukurkuɗe sai ka ce sheƙar tsuntsu. Na tattake bokitin Marlys har ya baje.

Asabar, 19 ga Oktoba
Ni kaɗai, bakin tsibiri, iska kamar wuƙa. Maski ya biyo abin yaudarar da ke jikin ƙugiyata har gindin jirgi, ya kafta. Na danne sanda a hammata na murza. Keken bai ko yi ƙara ba. Ya yi tsalle, ya nutse, na jawo shi da ƙarfin tsiya. Ban ɗauki raga ba. Kulki na ɗauka. Na buga har idonsa ya fito, na ci gaba da bugu bayan ya daina motsi. Kafaɗata ce ta gaji, ba ni ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba
Na wanke shi da safe. Babu tabo a bayansa.
Marlys ta leƙo ta ce ba a tukunyarta ba. Na ja shi bayan daji. Hankaki sun taru tun ban juyo ba.

Alhamis, 24 ga Oktoba
Ban fita ba. Wai sanyi.

Lahadi, 27 ga Oktoba
Marlys ta dama miyar dankali da madara, ta tace ta yadda za ta bi ta tsinken sha, ta ce in miƙa wa Arvo. Ni dai direba ne.
Ya buɗe ƙofa, fuska a kumbure. Ya dubi hannuna, ya yi magana ta cikin haƙora, ban ji me ya ce ba. Na shiga ne kawai don tulun miyar yana da zafi, sai wani ya zuba masa.
Yana jinkirin sha. Na jira.