Sauro a Kan Rufin Baba

Litinin

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya kewar gida? Allah ya sa ciwon bayan nan ya sake ka. Mu nan duk lafiya lau muke, in ka cire hawan jinin da Baba yake nema ya ɗora min. Tunda waya ba ta shiga a inda kamfaninku ya jefa ku, na koma takarda, direbanku ya yi alkawarin miƙa maka.

Ruwan da aka yi ranar Juma'a ya zo da iska, ta ɗaga kwano a bayan bene, daidai saitin ɗakin Mama. Yanzu bokiti biyu da baho ne suke kwana a kan gadonta, ita kuma tana falo. Ba yoyon ne ya sa na rubuto ba, ai ba a kanmu aka fara yoyo ba. Baba ne ya ce zai hau.

Ka san shi da rufin nan. Da hannunsa ya buga shi tun ba a haife ni ba, kuma har gobe duk baƙon da ya zo sai ya tsallaka titi da shi ya nuna masa yadda layin ƙusa ya miƙe kamar da zare aka ja. To, mutumin da likita ya hana ko hawa kujera ya sa ƙwan fitila, mai yana a ido ɗaya, mai jiri in ya miƙe da sauri, shi ne zai taka tsani har bene. Na ce a kira Gajere, yaronsa na da, wanda yanzu shi ma yake da ma'aikata a ƙarƙashinsa. Baba ya ce muddin yana numfashi ba ƙafar da za ta taka masa kwano, kuma wanda ya koya wa riƙon guduma ba zai zo ya yi masa gyara ba. Gajere ya zo, ya durƙusa ya gaishe shi, ya sha ruwa, ya tafi ko sama bai kalla ba.

Da na ga magana ta ƙi, sai na kawo tawa dabarar. Bayan rufin ba ya ganuwa daga ƙasa saboda katangar maƙwabta, don haka na ce zan tayar da ɗan jirgin nan marar matuƙi da nake ɗaukar hoton gine-gine da shi a wurin aiki, mu ga ɓarnar tukuna. In kwano ɗaya ne, sai Baba ya zauna a ƙasa da hoton a hannu yana ba da umarni, wani ya hau. Ya yi ta gunaguni, a ƙarshe ya ce ya ba ni zuwa ƙarshen mako, ni da sauron nan nawa. Sauro yake kiransa, wai saboda kukan da yake yi a kunne ba amfani.

Na ɗaure tsanin da sarƙa a jikin ƙarfen tankin ruwa, mabuɗin yana wuyana. Matsalar kawai, tun ranar iskar nan ba ta kwanta ba.

Ka gaishe da abokan aikinka. Mama tana gaishe ka, ta ce ka daina kwana a ƙasa.

Ƙanwarka,
Auta

Alhamis

Yaya,

Salamu alaikum. Da fatan ka tashi lafiya, kuma takardata ta farko ta same ka. Mu dai muna nan, jiki lafiya, zuciya ce take tafasa.

Wallahi na gaji. Kullum da safe Baba zai fito tsakar gida, ya lasa yatsa ya ɗaga sama, ya ce ina iskar take? Na yi masa bayani har bakina ya bushe. Tsakar gida katanga ta kare ta ko'ina, iskar da ke saman bene daban ce. Na ɗaura ƙyalle a dogon ƙarfen eriya don ya gani da idonsa, ƙyallen ya miƙe yana ta fal-fal kamar zai tsinke. Ya ce laifin ƙyallen ne, na zaɓo marar nauyi.

Ba ma ƙarfinta ne yake ba ni tsoro ba, halinta ne. Za ta yi luf kamar ta tafi, sai ta dawo ta bugo gaba ɗaya. In ta daki bangon bene kuma ta hauro bakin rufi, murɗawa take yi, kuma daidai nan nake bukatar kai jirgin. Ga wayoyin lantarki a gefe, ga tsakar gidan maƙwabta cike da yara daga safe har yamma. Farfelar abin nan tana yanka kamar reza. In ya kuɓuce min ya faɗa kan ɗan wani, da wane ido zan kalli uwarsa? In kuma na ƙi tayarwa, uban nawa ne zai hau. Ka ga inda aka matse ni.

Ranar Talata na gaza da gorinsa, na ce bari in gwada. Na fitar da shi filin nan na gaban gida, nesa da bango da wayoyi. Na duba farfela ɗaya bayan ɗaya, na juya hancinsa ya fuskanci iska, na ɗaga shi daidai tsawon mutum na tsayar, don in ga ko zai iya riƙe kansa. Yaya, karkacewa ya yi yana tangaɗi kamar ɗan maye, allon da ke hannuna ya cika da jan gargaɗi, batir yana zuba ina kallo. Ban ƙara ko taku ɗaya sama ba, na sauke shi.

Baba yana zaune a dakali da mutanen layi. Ya ce, "Ni da na yi rufin makaranta iska tana cire min hula ban sauko ba. Ita kuma ta sayi tsuntsu mai tsoron iska."

Aka yi ta dariya. Na ce masa ai lokacin ba shi da jika ko ɗaya, kuma idanunsa biyu ne. Bai ji daɗi ba, ni ma da na shiga ɗaki ban ji daɗin kaina ba. Amma ramuwar da ya yi ta fi. Ya ɗauko tsohon gwangwanin ƙusoshinsa, ya zauna ƙarƙashin tagata yana miƙar da su a kan dutse, ƙwas, ƙwas, har la'asar. Na kai ƙara wurin Mama, ta ce in bar shi, hali zanen dutse ne. Wannan matar, in ana maganar mijinta, sai ta koma kamar ba ta jin Hausa.

Jiya dole na fita aiki tun safe, sai magariba na dawo. Na fara duba tsani, yana nan da sarƙarsa. Abin mamaki, tun jiyan Baba ya yi sanyi. Ba lasar yatsa, ba ƙwas-ƙwas, sai barci da warin man zafi. Yau ma da tsofaffin takalmanka na gan shi yana ja, wai nasa ƙafa ɗaya ta ɓata. Ina ga dai ya saduda. Waya ta nuna iskar za ta faɗi ranar Asabar da sassafe, ka taya ni addu'a.

Taka,
Auta

Asabar

Yayana,

Salamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ka yi haƙuri gaisuwar yau gajeriya ce. Kafin ka tsorata, kowa yana lafiya. Ka zauna tukuna.

Da gari ya waye na leƙa, ƙyallen eriya ya sauke kai, ganyen bishiyar layi ko motsi. Na shiga maƙwabta na roƙi uwar yaran ta tsare su a ɗaki na ɗan lokaci. Na fito fili da batir cike, na sa Mama ta tsaya gefena ta zuba wa jirgin ido, in ya nufi waya ta yi magana, tunda ni idona zai kasance a allo. Baba ya fito da kujerarsa ya zauna kusa da ni, ba gori, ba komai. Da ina da wayo da tun nan na gane ruwa ba ya tsami banza.

Ya tashi lafiya, ya tsaya cak. Akwai 'yar iska kaɗan daga gabas, sai na bi ta can, don in zan dawo ta turo min shi gida maimakon ya yi kokawa da ita da ragowar batir. Ban kusanci bakin rufi ba, na hau sama sosai na wuce shi, sannan na sunkuyar da kyamara na jawo hoton kusa.

Yaya, an riga an buga kwanon.

Na ɗauka idona ne. Na ƙara jawowa. Kwanon da ya ɗaga yana kwance, ƙusoshin gwangwanin nan ne a jikinsa, na gane su da tsatsarsu. Layin ya tafi kamar tafiyar maciji. Wasu sun sami katako, wasu sun huda kwano sun wuce banza, ruwan gaba duk ta nan zai shiga. Sannan can ƙasa, a cikin magudanar ruwa da ke bakin rufi, inda daga shi sai faɗowa, ga takalmin Baba ƙafa ɗaya a kife.

Ban san tsawon da na yi ina kallon takalmin nan ba. Muryar Mama ce ta dawo da ni, ta ce abin yana gangarawa gefe. Iska ta fara tasowa, ni kuma yatsuna sun saki. Na so in kurma ihu, amma wanda ya koya min aikin nan ya ce duk abin da ya faru, a sauke jirgi tukuna a yi magana daga baya. Na juyo da shi, iska ta rako shi, na ajiye shi a ƙasa, na jira farfela ta tsaya, na kashe. Sannan na juya kansu.

Ashe ranar Laraba Baba ya hau, ina wurin aiki. Ranar da iskar ta fi kowace rana hauka, har allon shagon kan kwana ta kayar. Tsanin maƙwabcinmu mai fenti ya aro. Ni ina can ina taƙama da mabuɗi a wuya kamar wata mai gadin banki. Na tambaya wa ya riƙe masa, Mama ta kalli ƙasa. Na ce da ita har da ke? Ta ce, "In ban riƙe ba, hawa zai yi ba mai riƙewa." Ta ce ta ji ƙarar zamewarsa daga ƙasa, ba ta saki tsanin ba, addu'a kawai ta yi ta yi har ta ga ƙafarsa ba takalmi tana laluben mataki.

Na yi faɗa, Yaya. Na yi kuka, na faɗi abin da ban taɓa faɗa wa Baba ba. Ya bar ni har na gaji. Da na yi shiru sai ya matso da kujera, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Auta, layin ya miƙe?"

Ashe abin da ya zaunar da shi gefena ke nan. Da lalube ya buga su, bai ga abin da ya yi ba. Ya karɓi allon ya kai shi dab da idonsa mai gani, ya daɗe yana kallo. Na ga fuskarsa ta canza. Sai ya ɗaga kai ya dubi ƙofar gidan mai fenti, na san abin da yake lissafawa.

Ka san kyamarar nan ko jirgin yana rawa ita ba ta motsi, da wannan nake cin abinci. Amma na buɗe baki na ce masa iska ce. Na ce ta kaɗa sauron lokacin da nake ɗauka, shi ya sa komai ya fito a karkace, layinsa lafiya lau yake.

Ya dube ni, ya dubi allon. Ya ce, "Dama na faɗa miki abin nan ba shi da ƙarfi."

Kafin azahar duk layi sun ji cewa na'urar Auta ko hoto miƙaƙƙe ba ta iya ɗauka. Har ɗan kwangilar da nake nema ya ba ni aiki sai da Baba ya tsayar da shi a mota ya ba shi labari. Ina tsaye ina ji, na haɗiye. Ban taɓa jin haushin mutum da tausayinsa a lokaci guda kamar yau ba.

Na zauna rubuta takardar nan ne da niyyar in ce ka nemi hutu ka zo, ka ɗauke shi zuwa asibitin ido na wuni guda, mu saci hanya Gajere ya hau. Ina cikin rubutu ya leƙo ta taga, yana jan takalmanka da suka yi masa yawa. Ya tambaya ko kai nake rubuta wa, ya ce in gaishe ka. Ya juya kamar zai tafi, sai ya tsaya, bai kalle ni ba.

Ya ce, "In Gajere ya biyo ta nan, ki ce ya hau ya sauko min da takalmina. Ya zo da gudumarsa, da zare."

Na aika wa Gajere, gobe da sassafe zai zo, kafin iska ta tashi. Hutun dai ka nema, maganar idon tana nan. Mama tana gaishe ka, har yanzu ba na yi mata magana sosai, amma na mayar mata da bokitanta.

Allah ya tsare min kai.

Ƙanwarka mai sauro,
Auta