Baba da Butar Alwala

Daren Laraba, Yalwawa

Yau kwana tara da dawo da Baba daga asibiti, bayan aikin da aka yi masa a ƙwaƙwalwa. Da magariba na ajiye masa buta. Ya zuba mata ido, hannaye a kan cinya, har aka idar da salla.

Gwaggo ta Ringim ta kafe wai sammu ne. Na gaji da bayani. Likita ya ce ƙarfinsa na nan. Wani ɗan wuri aka taɓa a saman ƙwaƙwalwa, daidai tsakar ka, wanda ke tayar da motsi in mutum ya yi niyya, ya jera shi daki-daki. Wai har birai suna da shi. Ya ce yawanci yakan dawo. Wannan "yawanci" ce ta hana ni cin tuwo.

Da isha'i na ɗauko tawa butar, na tsuguna a gabansa. Na wanke hannu, ya wanke. Na kurkure baki, ya kurkure. Inna ta toshe baki da mayafi ta shige ɗaki.

Da muka zo shafar kai na tsaya da gangan, na ce, "Baba, sai me?" Ya kalle ni, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Wallahi ya sani, a idonsa na gani. Hannun ne bai tashi ba.

Mutumin da ya koya mini alwala, yau ni yake jira. Na shafa, ya shafa.