Na Shanya Batirin Jikana a Rana, Abokinshi Ya Kwashi Laifin

Assalamu alaikum masu wannan shafi, da ku masu karantawa. Allah Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya. Ni ban yi boko ba, magana nike cikin waya, ku rubuta ta yadda ta fito, kada ku gyara mani baki, kuma ku sakaya sunana. Mai shirin zagina ya dakata ya ji ƙarshe, don ko ban haifi uwarshi ba na girme ta.

Tsohuwa ce ni a Ƙauran Namoda. A unguwarmu in mata sunka yi faɗa ni ake kira, kuma abin da na yanke shi ke zama. Ban taɓa durƙusa ma yaro ba. Ina da jika yana karatun haɗa injuna, Maigida nike ce mashi, shi ko ya ce mani amarya mai furfura. Shi da abokinshi, wani natsattsen saurayi ɗan Galadi, sunka ƙera wani abu da suke kira robot. Ni ragon ƙarfe nike ce mashi, don aikinshi ke nan: a sa shi cikin keji da ɗan'uwanshi, su yi ta karo har ɗaya ya kife. Za a kai shi wata babbar gasa, su biyu malaminsu ya zaɓa su tafi.

To ran ragon nan duk yana ga batiri. Kada ku ɗauka irin na tocila ne. Wani abu ne kamar sandar sabulu, an naɗe shi da leda, ga wayoyi sirara sun fito mashi kamar gemun akuya. Ɗan Galadi shi ke kula da cajinshi. Wata rana ya ce mani, "Inna, 'ya'ya huɗu ne a ciki. Cajar nan raba masu take daidai, in ɗaya ya ƙoshi ɗaya na jin yunwa, duk sun lalace." Na ce, "Wannan kuma ni za ka koya ma? Na raba ma gida guda tuwo tun ba a haifi ubanka ba." Munka yi dariya. Ɗakina na ƙasa ne, da sanyi, shi ya sa suke aje batirin cikin gwangwani da yashi ƙarƙashin gadona.

Ranar da abin ya faru, na ji da kunnena Maigida na cewa, "Bar shi rabi, kada ka cika shi." Sunka tafi makaranta. Raina ya ɓaci. Rabi? Wa ke kai ɗan dambe fage da rabin ciki? Na ce lalle rashin wuta ne, kunya ta hana su faɗi. Ni kuwa na san magani. Marigayi mai gidana, in batirin rediyonshi ya yi sanyi, bisa kwano yake jera su su sha rana, da la'asar rediyo ya dawo yana magana garau. Shekara da shekaru haka muke yi, wa ya taɓa mutuwa? Na ɗauko shi, na taka turmi da wannan gwiwar tawa, na ɗora bisa kwanon ɗakin girki, cikin ranar bazara mai soya ƙwai. Da na sauko da shi sai da na sa gefen zane, don zafi. Na ga ya yi ciki, ya kumbura kamar fanke. Wallahi murna na yi! Na ce yau dai ka ƙoshi. Na maida shi gwangwani na rufe, ina jiran a yi mani godiya.

Da sunka dawo ɗan Galadi ya buɗe, sai na ji ya yi salati. Ya ɗauki gwangwanin da hannu biyu kamar mai ɗauke da maciji, ya fita da shi tsakar gida yana cewa kowa ya ja baya, yana iya kamawa da wuta. Sunka auna shi da wata 'yar na'ura, sunka ce ɗaya cikin 'ya'yan ya mutu. Maigida ya hau shi da faɗa: "Kai ka cika shi fiye da ƙima! Na ce maka ka riƙa sa ƙananan wayoyin nan, ka yi ganganci!" Ya ce, "Wallahi na sa. Wannan zafi ya sha." Maigida ya ce, "Zafi a ɗakin Hajiya? Ɗakin da ruwan randa ke kashe haƙori?" Ɗan Galadi ya ɗago ya dube ni, sau ɗaya, ya sadda kai. Ni kuwa ina zaune ina tsince wake kamar ba a gidan nike ba.

Ku gaya mani, laifina ne ni kaɗai? Mi ya hana su ce, Hajiya, abin nan ba ya son rana? Ashe da gangan ake barinshi rabi in za a aje shi, sai ranar karo a cika. Wa ya faɗa mani? Wane irin batiri ne wannan, ba ya son ƙoshi, ba ya son yunwa, ba ya son rana, sai ka ce jinjiri bakwaini? Sun iya zama su yi ta gardamar batura a gabana, wannan ya cika nauyi ragon zai wuce awo, wancan ba ya jimiri zai sare tsakiyar faɗa, amma kalma guda ta gargaɗi ta gagare su. Haka nike ta faɗa ma kaina, kuma duk da haka abin ya ƙi barina.

Don maganar ta kai ga malaminsu, ya cire ɗan Galadi daga tafiyar, ya ce ba a ba mai sakaci amanar wuta. Saurayin da ke ratso hanyar nan tamu bisa mashin, kun dai san halin da take ciki, don kawai ya yi karatu. Ya daina shigowa gidan. Ran kasuwa munka haɗu, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, "Inna ina gajiya, ya ƙafa?" Ya tashi ya wuce. Da ya zage ni da ya fi mani sauƙi.

Jiya Maigida ya shigo da sabon batiri, ya sa cikin gwangwanin nan, ya tura ƙarƙashin gadona. Ya ce, "Amarya, ga amana. Duk gidan nan ke kaɗai na yarda da ke." Yanzu haka da nike maganar nan yana ƙarƙashina.

Tafiyar ta matso. In na buɗe baki, ana iya maida ɗan Galadi, amma unguwa duk za ta ji cewa ni na yi ɓarna, na zauna ina tsince wake anka kori ɗan mutane. Wace mace za ta sake kawo mani ƙara? In na yi shiru, da wane ido zan amsa gaisuwarshi? Kuma ta ina ake farawa, Maigida zan kira, ko ɗan Galadi zan bi har inda yake kwana? Ni ban san yadda ake ba yaro haƙuri ba, ban taɓa yi ba.

Jama'a, don Allah, mi zan yi?