Shekarar da Sannu Ta Zama Zagi

Illela, goma ga Muharram, shekara ta dubu ɗaya da ɗari uku da goma bayan Hijira.

Daga Kubra ɗiyar Malam Attahiru zuwa ga goggona Baraka a Sakkwato. Gaisuwa mai yawa da girmamawa da begen ganin fuskarki. Ina fata ciwon ƙafar nan ya sake ki, Baffa Halilu da yara suna lafiya, damina kuma ta sauka muku da albarka.

Bayan haka, Goggo, ba zan yi kewaye-kewaye ba. Ki aiko a ɗauke ni.

Ke kika koya mini riƙe alƙalami, kuma ke kaɗai ce ba ki taɓa buge mini hannun hagu ba, don haka ke zan gaya wa. Shekara biyu ke nan da aka sauke Baba daga aikin rubutu a zauren alƙali muka dawo nan, har yau zuciyarsa ba ta huce ba. Da azumi ya fasa randar Inna don ruwa bai yi sanyi ba. Washegari ta goya ƙanwata Hasana ta tafi wurin danginta a Garu, ba ta dawo ba, saura ni da shi. Ga kuma abin da ba ya so kowa ya sani: idonsa ya yi rauni, ba ya ganin baƙi a takarda. In fatake suka zo neman a rubuta musu saƙo, sai ya saurara a zaure, ya shigo ya faɗa in rubuta, ya fita da takardar kamar shi ya rubuta. Duk da haka in ya hangi alƙalami a hannuna na hagu sai ya ce ina kore masa albarkar tawada.

Waje ma bai fi ba. 'Yan matan rijiya suna da shugaba, wata Tumba wadda ta fi kowa tsawo da tsawon baki, ita ta laƙa mini Malama Bahaguwa. In na miƙa guga ba mai karɓa, sai a ce in ajiye a ƙasa. Sau biyu suna zuba mini yashi a tulu. Ba na kuka a gabansu, kin san ni, amma na gaji.

Shekaran jiya kuma na ga abin da ya ƙarasa ɓata mini rai. Wani saurayin Bafulatani, siriri, da bai fi ni da shekara biyu ba, ya zo shayar da karsana ɗaya tak. Na ga yana jan ruwa shi kaɗai gumi na zuba, sai na ce masa sannu, kamar yadda kika tarbiyyantar da ni. Goggo, da kin ga kallon da ya yi mini, sai ki ce tofa masa yawu na yi. Ya saki igiya, ya kora karsanarsa ba ta ko sha ba, 'yan mata kuwa suka kwashe da dariya. Garin da gaisuwa ma laifi ce, me zan zauna yi a cikinsa?

Ki gaishe da mutanen gida duka. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ɗiyarki, Kubra.

Illela, ashirin ga Safar.

Zuwa ga Goggo Baraka, gaisuwa da godiya da fatan kina lafiya, ke da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarki.

Takardarki ta iso ta hannun masu albasa. Na ji Baffa Halilu zai zo da jaki ya ɗauke ni da zarar an yanke gero. Na gode, Allah Ya saka.

Amma dole in janye wata magana. Yaron nan na rijiya ba shi da laifi, ni ce na yi wauta. Sunansa Jaɓɓo. Kakarsa Adda, wadda a da take kawo nono, yanzu itace take sayarwa, ita ta fayyace mini. Kin san annobar da ta share shanu bara. Ku a birni kun ji tsadar nama da nono, su a ruga gawa suka yi ta ja. Duk inda Bafulatani ya bi sai a ce masa sannu, sannu, har mutane suka koma kiran annobar da kanta Sannu. Daga baya samarin gari suka mai da ita abin tsokana. In Jaɓɓo ya shigo kasuwa sai su bi shi a layi suna sannu sarkin shanu, suna kukan saniya. Ubansa Boyi shanu sittin da huɗu ne da shi, ɗaya ta rage, ita ce Saye, karsanar da na gani. Shi ya sa ba ya kai ta tafki inda sauran dabbobi ke sha. Uban kuwa tun lokacin bai dawo daidai ba, wuni yake tsaye a garke wanda ba komai a ciki yana kiran shanunsa da sunayensu.

Kunya ta kama ni har cikin ƙashi. Na so in ba shi haƙuri, to amma ki gwada, Goggo, ki tausaya wa mutum da Hausa ba tare da kin ce sannu ba. Na juya harshena duk na rasa. Mu da muke tutiyar kakanninmu Fulani ne, ko gaisuwa ban iya da Fulatanci ba, sai da na roƙi Adda ta koya mini. Kwana uku ina maimaita jam wali a bakin murhu. Ran nan da la'asar na tarar da shi a rijiya, na dake na faɗa masa da ƙarfi. Ya tsaya yana kallona, sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Ashe gaisuwar safe ce, na tambayi mutum yadda ya kwana rana tana shirin faɗuwa. Ya yi dariya har ya dafa komin shayarwa, ni ma na kasa riƙe tawa. Adda ta ce rabon da a ji dariyarsa tun kafin annoba.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Da na ja ruwa na miƙa masa guga, da hagu na miƙa, don na manta. Ya karɓa kawai. Bai dubi hannun ba, bai yi mini alfarma ba, karɓa ya yi kamar yadda ake karɓar guga. Na koma gida tulu a kai ina jin kamar ba komai na ɗauka ba.

Da ya ga tawada a yatsuna ya tambaya ko ana iya rubuta sunan saniya kamar na mutum. Na ce ƙwarai. Na zari takarda ɗaya daga gafakar Baba, muka zauna a gindin tsamiyar rijiya da hantsi, kowa yana gani. Ya riƙa faɗa ina rubutawa, Wule da 'ya'yanta, Nyale da nata, uwa kafin 'ya, sittin da uku bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ya kai wa ubansa. Tsohon bai iya karatu ba, amma ya sa aka nuna masa inda Wule take, ya ɗora yatsa a kai ya daɗe. Ba zan ce ya warke ba, amma ranar ya shiga bukka ya ci tuwo.

Kada ki yi mini wannan murmushin naki, ina ganinsa daga nan. Ina gaishe ki.

Kubra.

Illela, sha biyu ga Rabi'ul Awwal.

Goggona, gaisuwa da aminci, da tambayar lafiyarki da ta gida. In kin ga rubutun nan ya karkace, da dama na yi shi, kuma ga dalili.

Tumba ta baza a gari cewa Bahaguwa tana rubuta wa ɗan Fulani laya don ta mallake shi. Maganar ta kai zaure. Baba ya lalubi gafaka ya ji takarda ta ragu, bai tsaya jin ta bakina ba. Ya taka kurtun tawada ya fashe, ya ɗauki sandarsa, kuma hannun hagun ya nema. Ba karaya, amma ya kumbura har yatsu ba sa lanƙwasuwa. Ina son ubana, Goggo, na san baƙin cikin idonsa ne yake saukewa a kaina, amma ranar na ji haushinsa har ban iya kallonsa ba.

Washegari ruwa ya ƙare, kuma ban ga dalilin ɓuya ba tunda ban yi abin kunya ba. Na naɗe hannun da tsumma na tafi rijiya. 'Yan mata suka juyo, sai Tumba ta ce to yau dai Malama za ta koyi miƙa abu da hannun mutane. Aka yi dariya. Samarin da ke bin Jaɓɓo suna gindin tsamiya, sun ga ya nufo da Saye, har sun fara gyara murya.

Bai kula su ba. Ya wuce ta tsakiyar 'yan matan ya tsaya a gabana, ya dubi tsumman, ya dube ni. Na ga bakinsa yana motsi kamar mai neman kalma, na san Fulatanci yake lalube, na san kuma ya tuna ba zan gane ba. Sai ya ce, a fili, kowa yana ji: “Sannu, Kubra.”

Goggo, kalmar da ya shekara yana gudu, wadda aka yi ta jifansa da ita, ita ya ɗauko da bakinsa ya ba ni, don ita ce kaɗai ya san za ta isa inda ciwon yake. Samarin nan bakinsu a buɗe, ba wanda ya iya maimaita ta. Ni da ban taɓa kuka a rijiyar nan ba, ranar na yi, kuma ban ji kunya ba. Ya cika mini tulu, Adda ta ɗauka ta raka ni har ƙofar gida.

Ina son shi. Na rubuta, ki karanta, ba zan kankare ba. Gero ya fara nuna, na san Baffa yana shiri. Ya zo ɗin, zan yi magana da shi.

Taki, Kubra.

Illela, ashirin da biyar ga Rabi'us Sani.

Zuwa ga Goggo Baraka, uwata ta biyu. Gaisuwa da girmamawa da neman gafara. Ina fata wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya da sanyin zuciya, don za ki buƙace shi.

Ga Baffa Halilu nan ya koma da jakinsa, takarda ce a kai maimakon ni. Kada ki yi masa faɗa, ya yi iyakar ƙoƙarinsa.

Kwana tara hannuna bai riƙe alƙalamin kirki ba, kwana tara Baba yana sallamar fatake da cewa ba ya jin daɗi. A rana ta goma na durƙusa a gabansa na ce: “Baba, hannun da kab buge, shi ka cida gidanga.” Na gaya masa zan ci gaba da rufa masa asiri har iyakar raina, amma da hagu, kuma ranar da sanda ta sake taɓa ni, ranar zan bi hanyar Sakkwato ko da ƙafa. Ya tashi ya shige ɗakinsa. Da safe na tarar da sabon kurtu a kan tabarmata, kuma a gefen hagu aka ajiye shi. Baffa ya je Garu biko, Inna ta ce za ta duba bayan an gama sussuka.

Tumba tana nan da bakinta, amma yanzu ni nake fara gaishe ta, da sannu kuwa, ta rasa yadda za ta yi da ita. An kai Saye garin Lafani inda wani bijimi ya tsira, Adda ta ce ta ɗauki ciki. In Allah Ya sauke ta lafiya, an yi mini alkawarin ƙwaryar nonon farko, kuma ni zan rubuta sunan ɗan maraƙin a bayan takardar nan ta Boyi. Ni na roƙi a ɗauke ni, na sani, amma lokacin ba ni da kowa a garin nan. Yanzu ina da wanda zan bari, kuma ba zan bar shi ba.

Baffa ya ce kin ce in sake gaya miki sunan yaron, wai kin manta. Ba ki manta ba, Goggo, gwada ni kike yi. Yana cikin takardun baya, ki duba can. Ke da kanki shekara talatin ba a ji kin kira sunan mai gidanki ba. Daga yau hannuna ba zai ƙara rubuta nasa ba, dama ko hagu.

Ki sa mana albarka. Allah Ya bar mana ke.

Ɗiyarki, Kubra.